Tocilar da aka hana ni shiga wurin aiki da ita

A cikin watan Disamba aka tsayar da ni a ƙofar sashen da nake aiki saboda tocila. Jami'in kiyaye haɗurra ne ya hango kanta ya leƙo daga aljihun rigata, ya ce in miƙo. Baƙa ce ta alminiyan, mai ɗan nauyi a hannu, kuma kuɗin da na saye ta ba kaɗan ba ne. Ya jujjuya ta yana neman wani rubutu a jikinta, bai samu ba, sai ya saka ta a akwatin ajiya, ya jawo durowa ya ciro wata rawaya ta roba ya miƙo min. Yana murmushi ya ce wannan ita ce fitilar masu aiki, waccan kuwa ta masu son a gan su ce. Ban ce masa komai ba, amma maganar ta tsaya min a rai, domin a inda na tashi wanda ya riƙe tocilar ƙarfe shi ne mai aikin dare na gaskiya, ta roba kuwa yara ake saya wa.

Bari in faɗa muku inda abin ya faru, don sai an san wurin za a gane hujjarsa. Fort McMurray gari ne a arewacin lardin Alberta na ƙasar Kanada, tafiyar sama da kilomita 400 daga Edmonton a kan babbar hanya mai lamba 63, daji ne na dogayen itatuwa hagu da dama. Arzikin garin yashi ne mai haɗe da wani baƙin mai mai kauri kamar kwalta, ana haƙo shi da manyan motocin da kowace ke ɗaukar sama da tan 300. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara na safe, kafin huɗu na yamma ta faɗi, har Azahar da La'asar da Magariba su riƙa bin juna kusa-kusa. Sanyi kan kai digiri 30, wani lokaci har 40, ƙasa da sifili. Numfashin mutum yana daskarewa a gemunsa da gashin idonsa. Kowace mota akwai igiyar wuta da ke reto a gabanta, idan an faka sai a jona ta a jikin wani ɗan turke don kada inji ya sandare ya ƙi tashi. Hayaƙin masana'antu ba ya watsewa, tsaye yake miƙewa fari fat. Mafi yawan aikin hunturu a duhu ake yinsa, shi ya sa tocila take cikin kayan aiki daidai da hular kwano da takalmin ƙarfe.

Rubutun da jami'in yake nema shi ne hatimin da ke nuna an gwada fitilar an tabbatar ba za ta tayar da gobara ba a wurin da iskar gas ke iya taruwa. A Amurka da Kanada za ka ga an rubuta Class I, Division 1, a Turai kuma ATEX. Akwai tocilolin ƙarfe da suka samu wannan hatimi, amma mafi yawansu na roba ne, kuma da dalili. Alminiyan idan ya bugi ƙarfe mai tsatsa da ƙarfi yana iya fitar da tartsatsi mai zafin gaske, abin da ya sa ake taƙaita shiga da shi ramukan haƙar kwal. Yana kuma ɗaukar wutar lantarki, don haka mai gyaran wuta da ya zura hannu cikin akwatin wayoyi da tocilar alminiyan ya sa kansa a haɗari. Sai batun sanyi, wanda na gani da idona: a digiri 30 ƙasa da sifili, wanda ya cire safar hannu ya kama ƙarfe zai ji kamar garwashi ya taɓa, idan kuma hannun da danshi sai fata ta manne. Ma'aikaci kan riƙe tocila da haƙora idan hannayensa biyu na aiki. Wannan da ta roba kawai yake yiwuwa a nan.

Ita ma robar, a yi mata adalci, ba irin wadda muka sani ba ce. Kamfanoni kamar Streamlight da Pelican da SureFire suna amfani da robobi masu tauri, wasu an cakuɗa su da zaren gilashi. Idan ta faɗi a kan siminti sai ta yi tsalle ta koma yadda take, alhali alminiyan lotsawa yake yi, kuma idan lotsawar ta zo a wurin murɗa murfi shi ke nan. Ba ta da nauyi, kusan rabin na alminiyan. Launinta har ciki ne, ba fenti ba ne balle ya kankare. Batir idan ya zubar da ruwa a cikinta ba ya cin jikinta yadda yake cin alminiyan har batura su maƙale a kasa ciro su. Duk na yarda da wannan, kuma rawayar da aka ba ni tana aikinta.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki hukuncin da sanyin Alberta ya yanke a ce shi ne hukuncin duniya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Su nan abokin gabarsu sanyi ne da gas. Namu zafi ne da ƙura da tsawon dare babu wuta.

Ƙwan LED ba ya ƙuna a hannu kamar tsohon ƙwan gilashi, wannan ya sa mutane suke ɗauka ba ya zafi. Yana yi. Kaso mai yawa na wutar da yake sha, sau da yawa fiye da rabi, zafi yake komawa, kuma zafin a bayan ƙwan yake taruwa, a wani wuri da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Idan bai samu hanyar fita ba haske ya ragu, launinsa ya sauya, kwanan ƙwan ya ƙare da wuri. Ka sa cokalin ƙarfe da ludayin duma a cikin kunu mai zafi, ka taɓa ƙarshen kowanne, ka ga bambancin. Alminiyan ɗin da ake ƙera tocila da shi, wanda ake kira 6061, yana tafiyar da zafi fiye da roba sau ɗaruruwa. Ke nan duk jikin tocilar, daga kai har gindi, har da tafin hannun mai riƙe da ita, suna taya ƙwan shan iska. Idan ka ji tocilar alminiyan ta yi ɗumi a hannu, aikinta take yi. Ta roba tana nan da sanyinta a waje, ciki kuwa ana dahuwa.

Masu ƙera na roba sun san haka sarai. Shi ya sa ko dai su rage ƙarfin hasken, ko su sa wani ɗan inji da zai rage shi da kansa idan ciki ya yi zafi, ko su ɓoye ƙarfe a kan tocilar. Dubi tocilar G2X ta SureFire: jikinta roba ne, amma kanta alminiyan ne. A wurina wannan ya isa shaida. Kuma adadin lumen, wato ma'aunin yawan haske, da ake rubutawa da manyan lambobi a jikin kwali, bisa ma'aunin FL1 da aka fito da shi a Amurka a 2009, ana auna shi ne tsakanin daƙiƙa 30 zuwa minti 2 da kunnawa. Tsawon lokacin da aka ce batir zai yi kuwa ana ƙirga shi har sai haske ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100. Abin da ke faruwa a sa'a ta uku, cikin ɗakin da ya wuni yana shan ranar Afrilu, ba ya cikin lissafin kwali.

Ku da kuke gida kun san abin da nake nufi. A Haɗejiya ko Nguru ko Sakkwato, bazara kan wuce digiri 40, kuma dare ba ya kawo sauƙi sai can wajen asuba. Mai ban-ruwan shinkafa a fadama, maigadi, 'yan sintiri, ungozoma, mai raka mara lafiya a asibitin ƙauye, ba minti biyar suke kunna tocila ba. A nan Kanada, idan ka cire masu aiki irin namu, tocila a durowa take kwana, sai an yi shekara ba a neme ta ba. A gida kuwa kullum sai ta fito, kuma a wuraren da kububuwa ke yawo da dare ita ce tsakanin ƙafar mutum da doguwar jinya. Wanda ya taɓa zuwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Za a ce min ai robar kirki ma za ta jure. Ta yiwu. Amma wace roba ce take isowa kasuwanninmu? Ba Pelican ba ce. Wata sirirya ce mai sheƙi, an liƙe ta da gam, a ciki da ɗan batir mai ruwan asid da ba ya jure caji. Rana ta buge ta wata biyu ta yi gautsi, ta faɗo daga kan katanga ta dare gida biyu. Araha ba ta ado. Ƙin da muke yi wa tocilar roba ba jahilci ba ne, kuma ba son a gani ba ne. Gwaji ne na shekara da shekaru, da kuɗin talakawa aka yi shi. Ko ta alminiyan mai araha, wadda aka yi wa aikin gaggawa, idan ta faɗi lotsawa take yi ta ci gaba da haskawa. Mai saye a tebur ba shi da hanyar gane robar kirki daga ta banza, duk kamarsu ɗaya a ido. Ƙarfe kuwa hannu yana gane kaurinsa.

Na kira yayana a waya na ba shi labarin. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ni dai, ƙanena, in za ka aiko min, ka aiko da wadda ake kwancewa." Na ce, "Yaya, ta ƙarfe ko ta roba?" Ya ce shi wannan bai dame shi ba, muddin mai gyaran rediyon bakin kasuwa zai iya buɗe ta ya mayar.

Wannan maganar ta fi duk bayanan da na jero nauyi. A nan idan tocila ta lalace ba wanda yake buɗe ta. A jefa a kwandon shara, a cike takarda, a karɓo sabuwa. Masu hatimin gas ɗin ma ba a yarda kowa ya taɓa cikinsu ba, domin da zarar an sauya wani abu hatimin ya tashi aiki. Mu kuwa mutanen gyara ne. Tocilar alminiyan bututu ce da ake murɗewa kai da gindi: makunni ya mutu a sauya, sifirin ya saki a miƙe shi, zoben robar da ke hana ruwa da ƙura shiga ya tsinke a sa wani, batir mai lamba 18650 ya gaji a ciro irinsa daga tsohon batirin kwamfuta. Tocilar alminiyan ta Maglite da Anthony Maglica ya fara fitarwa a 1979 a Kalifoniya, har yau akwai waɗanda suke riƙe da tsofaffinsu, sun cire ƙwan gilashi sun sa na LED, jikin yana nan. Kuma ranar da ta mutu murus, 'yan jari-bola za su saya a kan sikeli, masu zubin tukwane su narkar. Ta roba kwata take tafiya, ta haɗu da leda su toshe magudana, damina ta zo ruwa ya shiga gidajen mutane.

Akwai wani abin da ya fi wannan damuna, tun da na fara kallon tocilar nan a matsayin abin da hannu ya ƙera. Jikin roba sai da babban injin zubi da mazubin ƙarfe mai tsadar gaske, wanda ba ya biyan kuɗinsa sai an buga dubbai. Muna da masana'antun roba a Sharaɗa da Challawa da Bompai, amma bokiti da buta da takalma suka fi bugawa, don su ne kasuwa ke kwashewa. Jikin alminiyan kuwa mutum ɗaya mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya fitar da shi daga guntun bututu, guda goma ko ashirin, ya yanka masa wurin murɗawa, ya yi masa zane-zanen da ke hana santsi. Na ga masu wannan injin a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano suna ƙera abin da ya fi haka wuya, kayan mota da na injin niƙa da aka daina kawowa. Ba su da hular kwano, ba su da jami'in da ke tsaye a ƙofa, amma idonsu da hannunsu ba su gaza na waɗanda nake aiki da su a nan ba, kuma wannan zan faɗe shi a gaban kowa. Ƙasar da ta gina kamfanin narkar da alminiyan a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, aka buɗe shi a 1997 ya shafe mafi yawan shekarunsa a rufe, ita ce take sayen fitilar da ba ta kai damina biyu.

Abin da ba za mu iya yi a gida ba kaɗan ne: ƙwan LED ɗin kansa, ɗan allon da ke daidaita masa wuta, da batir. Ƙwan da allon ƙanana ne, na tocila hamsin ba za su cika aljihun jaka ba. Idan Allah ya nufa na zo gida bana, su zan sayo, tare da tocila ɗaya ta alminiyan da za a kwance a auna. Yaya ya ce ya san wani mai inji da zai yarda ya gwada, kuma na farkon da aka gama masu ban-ruwan dare za a ba su riƙe har bazara ta wuce.