Yadda Umda ya ƙwace min gida

Ni fa tela ne a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, keke ɗaya gareni a bakin kasuwa, ko tantabara ban taɓa kiwo ba. Abin da ya ja min wani bidiyo ne da na gani a Facebook, mutum tsaye cikin garken talo-talo yana cewa wai tsuntsun nan kyauta yake girma, ka sake shi kawai ya ci ciyawa da fara, wata bakwai ka kwashi nama kilo takwas ko goma. Nace to mu da muke zaune a garin dawa da riɗi, damina in ta sauka ciyawa har gwiwa, me muke jira? Da daddare na faɗa wa uwargida tana shafa kisra, wainar dawa mai faɗi, a kan doka, wato kaskon gasa ta, ko ɗagowa bata yi ba tace "Malam ka dai riƙe ɗinkinka."

Ban ji ba. Na sayo ƙwai takwas wajen wani mutum, dik rumi suke ce masa a nan, wato zakaran Rumawa, alhali asalinsa can Meziko ne babu ruwansa da Rum. Na zuba wa kazar uwargida da ke kwanci. Abin da ba wanda ya gaya min shine ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na talo-talo kuma 28. Kwana 21 ya cika shiru, 23 shiru, kaza na kallona ina kallonta. Nace an cuce ni, ruɓaɓɓu aka sayar min, na ɗau ɗaya na fasa a gaban kowa don in kafa hujja, sai ga ɗan tsako a ciki har da gashinsa. Uwargida bata ce komai ba, wannan shirun ya fi zagi ciwo. Ita kuma kaza ta shiga yajin aiki sai da muka kifa mata kwando. Shida suka fito.

Na barbaɗa musu tsakin dawa suka tsaya suna kallonsa kamar an basu jarida. Kwana biyu ba su ci abin kirki ba, na kai ƙara wajen wani dattijo da muke sallah tare, irin waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji suka yada zango a nan. Yayi dariya yace "Yaro, ɗan talo-talo dolo ne, sai an koya masa ci. Ka haɗa su da ɗan tsakon kaza su ga yana tsattsaga, ka dafa ƙwai ka marmasa da ganyen albasa, sannan ka nemo gara." Yaron shagon maganin dabbobi ma ya ƙara min cewa a makonnin farko furotin ɗin da suke so ya kai kashi 28 cikin ɗari, dawa zalla bata kai ko rabi ba, sai na haɗa da ambaz, tunkuzar gyaɗa kenan. To ina kyautar da aka ce?

Kullum safe ina ɓare dafaffen ƙwai wa tsuntsaye, yarana na zaune da shayi da busasshen burodi suna bina da ido. Rannan ƙaramin yace "Baba, ni ma in nayi kiyo kiyo za a bani?"

Maganar gara ita ta kusa kashe min kasuwa. Dabarar ita ce ka samu tsohuwar tukunya ka cusa busasshen kashin shanu da karan dawa, ka yayyafa ruwa ka kife ta a kan shuri da yamma, da asuba kafin rana ta yi zafi ka je ka ɗauko ta cike da gara. Tana aiki kam. Amma ku auna da kanku, mutum da asubar fari tsugune a bayan gari yana tono tukunya daga shuri yana waige-waige. Sati bai cika ba labari ya zaga cewa tela na binne asiri don ya janye kwastomomin abokan sana'a. Wata mata har aiko yaro tayi a karɓo mata atamfarta ba a ɗinka ba.

Ruwan sama ɗaya ya dake su na rasa biyu, sanyi ba ya musu da wasa suna ƙanana, ga laƙar Gadarif baƙa mai kama ƙafa kamar danƙo. Wani kuma shirwa tayi gaba da shi. Saura uku, mata biyu da namiji ɗaya, shi yara suka sa wa suna Umda, wato dagaci, saboda tafiyarsa.

Da suka yi ƙwari na sake su, nace yau ribar zata fara. Fara kam sun ci, ba ƙarya. Amma kaka na yi sai suka gano Hajiya maƙwabciyarmu ta shanya riɗi a tsakar gida, riɗin Gadarif da ake fitarwa ƙasashen waje shi 'ya'yana suka zaɓa. Ta leƙo ta katanga tace "Malam tela, baƙinka sun yi kalaci, wa zan kawo wa lissafi?" Na biya. Bayan kwana uku suka koma kan kuɓewar da ta yanka zata yi weka, garin busasshiyar kuɓewa kenan, na sake biya. Kwana kuwa sun ƙi akurki, sai saman darbejiya daidai kan angarib ɗina, gadon igiyar da nake kwana a kai, sauran bayanin ba sai nayi ba.

Shi Umda yana cika wata shida ya zama wani abu daban. Ya baza wutsiya kamar mafici, ya ja fiffike a ƙasa, wannan tsokar ta kan hancinsa ta zazzago, kai ya rine daga ja zuwa shuɗi. Duk ƙarar da ya ji sai ya amsa, hon ɗin raksha mai ƙafa uku, atishawa, sallamar baƙo tun kafin mu amsa ya riga mu. Kuma duk gidan ni kaɗai ya tsana, ni da na ɓata sunana a kan shuri saboda shi.

Ranar da surukina ya zo daga Kasala na shimfiɗa masa a rakuba, wato rumfa, ina ta cika baki ina masa lissafin kilo, na duƙa zan zuba masa jabana, kofin gahawarmu, kenan naji duka a baya kamar an jefe ni da buhu. Kofi ya tashi, na zabura, Umda ya biyo ni muka zaga rakuba sau biyu jallabiya na harɗe ni, nayi tsalle na haye angarib igiya ta tsinke ƙafata ta zurma har cinya, shi kuma ya tsaya a kaina yana gulu gulu gulu. Surukin nawa ya kurɓi sauran kofinsa a natse yace "Malam, wannan shine jarin?"

Washegari na nemi mai saye. Kowa yazo ya kalla, yayi hoto, yace shi da wannan kuɗin gara ya cika ya sayi ɗan rago, masu cin dik rumi sai manyan birane ƙarshen shekara. Nace shikenan a kawo wuƙa mu ci abinmu. Nan uwargida, wadda tace in riƙe ɗinkina, ta tare ƙofar akurki tace ba mai taɓa shi, wai tun da Umda ya girma akuyar kowa bata shigo mata ba, kuma abokaina masu zuwa gaisuwa daidai lokacin sauke tukunya duk sun ɗauke ƙafa.

Yanzu haka a dakalin ƙofar gida nake wannan rubutun, na taso daga kasuwa da wuri na manta lemar da nake kare kaina da ita. Ƙaramin ɗana ne kaɗai ke iya kama shi, yana makarantar allo, sai biyar za su taso.