Marainiyar da na ɗauka na ajiye a hanya

Jiya da daddare ina goge tsofaffin saƙonni a waya, sai na ci karo da wani da ya shigo tun wata huɗu da suka wuce, ban taɓa buɗe shi ba. Daga wata ƙungiyar agaji ne mai kula da marayu a wani ƙauye mai nisa. A goman ƙarshe na azumi na yi musu alkawarin ɗaukar nauyin karatun wata yarinya, duk wata. Na biya wata uku, daga nan shiru. Saƙon layi biyu ne kacal: suna tambaya cikin ladabi ko zan ci gaba, don ba sa so su faɗa mata komai sai sun ji daga bakina. Wallahi barci ya ƙaurace mini.

'Yan'uwa, mun iya farawa. A tura bidiyon yaro yana kuka a WhatsApp, nan take zuciya ta karye, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa. Alheri ne, Allah ya karɓa. To bayan nan fa? Mu haɗa kuɗi a haƙa rijiyar burtsatse, a manna allo da sunayenmu, a ɗauki hoto. Shekara ta zagayo famfon ya lalace, babu wanda ya tanadi kuɗin gyara, yara mata su koma ɗibar ruwan kududdufi da sassafe, su makara a makaranta. Mu gina aji, mu manta malami ma yana da iyali. A buɗe ɗakin shan magani da kabbara, bayan wata shida babu ko auduga a ciki.

Ku tuna rijiyar Ruma a Madina. Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya saye ta ya mayar da ita wakafi, gugansa daidai da gugan kowane musulmi. Sama da shekara 1400 ke nan, har yau gonar dabinon da ke wurin tana nan ana amfana da ita. Mu kuwa tamu sadakar ko damina biyu ba ta gani.

Kullum muna ɗaga yatsu biyu muna karanta hadisin mai kula da maraya, muna kwaɗayin maƙwabtaka da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kula fa aka ce! Maraya ba a azumi kaɗai yake jin yunwa ba. Takalminsa yana tsinkewa a Safar, zazzaɓi yana kama shi a Rajab, lokacin da babu mai wa'azi a kansa. A 2024 UNESCO ta ce yara da matasa miliyan 251 ne ba sa zuwa makaranta a duniya. Ni abin da ya tsaya mini a rai, nawa ne a cikinsu aka taɓa yi wa alkawari irin nawa?

Na san rayuwa ta yi tsada, na san wani da gaske ya gaza. To ka faɗa musu, ɗan'uwana. Ki kira su, 'yar'uwata, ki ce ba za ki iya ba, su nemo wani. Shirun nan shi ne zaluncin, domin suna nan suna jiranka, yarinyar kuma tana jiransu. Alkawari kaya ne. Ka ɗauki abin da za ka iya dawwama a kai ko kaɗan ne, shi Allah ya fi so.

Bayan sallar asuba na kira su. Aka ce sai da ta yi mako uku a gida kafin wani bawan Allah ya biya mata. Mako uku tana kallon ƙawayenta suna wucewa da jakunkunansu, saboda sakacina. Astagfirullah.

Don girman Allah ku duba wayoyinku yau. Wa kuka yi wa alkawari? Ku duba, don Allah, kada ku bari sai gobe.