Wilo a Filato: kada mu sake faɗawa ramin bini-da-zugu

A wani zama kan makamashi da na halarta a Abuja kwanan baya, wani mai jawabi ya haska hoton gonar wilo (itacen da Turawa ke kira willow, wanda ake nomawa domin makamashi) ta ƙasar Suwidin a bango, ya ce tunda Jos gari ne mai sanyi, babu abin da zai hana a cika tsoffin filayen haƙar kuza da wannan itace domin samar da lantarki. Aka tafa masa. Ni kuwa har na iso Mararrabar Jama'a maganar tana ci mini rai.

Ba na musun cewa wilo itace ne mai amfani a inda ya dace. Ana yanka rassansa guntu-guntu a dasa kamar rogo, bayan shekara 3 ko 4 a sare shi daga tushe, ya sake tofowa, kuma dashe ɗaya kan wuce shekara 20 ana girbi. Suwidin ta rungume shi bayan rikicin man fetur na shekarun 1970, masu bincike a Sirakus ta jihar New York a Amurka kuma suna kansa tun shekarun 1980. Amma wilo ɗan fadama ne, ba ya jure ƙishirwa, kuma sanyin da ya saba da shi na ƙanƙara ne, wanda yake sa shi barci a cikin ƙasa mai danshi. Sanyin Jos na hunturu ne, tare da fari yake zuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris da ƙyar ake ganin ɗigon ruwa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kan jajayen tuddan da haƙar kuza ta bari a Bukuru ko Barikin Ladi ya san tsakuwa ce da yumɓu, ko ciyawa da wuya take kamawa. Idan aka ce za a yi ban-ruwa daga kududdufan kuza, to ruwan da masu lambu ke zuƙa da injin domin tumatir da kabeji da karas za a ƙwace, a bai wa itacen da ba a ci.

Babbar matsalar ma ita ce kasuwa. A Suwidin garuruwa na da manyan tukwanen da ke ƙona guntayen itace, suna tura ruwan zafi ta bututu zuwa gidaje, don haka manomi ya san mai saye kafin ya dasa. Duk da haka, da tallafin gwamnati ya ragu a tsakiyar shekarun 1990, dashen ya tsaya, daga baya gonakin suka yi ta raguwa. Ɗanyen wilo kusan rabinsa ruwa ne, kai shi nesa asara ce. Wace tashar lantarki ce a Filato za ta saye shi? Babu ko ɗaya.

Mun ga irin wannan a baya. Bayan manufar gwamnatin tarayya ta 2007 kan samar da man ababen hawa daga tsirrai, an yi ta kwaɗaita wa manoma bini-da-zugu domin a matsi mai daga 'ya'yansa, aka ce arziki ya zo, suka shuka, suka girbe, mai saye bai zo ba. Masu cewa kowace bishiya ta fi babu, ba su ne za su ba da gona da shekaru huɗu na jira ba. Masu lissafin kuɗin da ake biya kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya kuwa, takardar da za su kai wa masu ba da tallafi ce ta dame su, kuma alƙawarin da Najeriya ta yi a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021, na daina ƙara wa duniya wannan hayaƙi nan da 2060, ya zame musu abin fakewa.

Buƙatarmu a bayyane take: itacen girki da gawayi ga uwargida da mai gidan burodi da mai tsire, waɗanda tsadar gas ta mayar da su kan murhu, dazuzzukanmu na ƙarewa a bayan manyan motoci. Dabarar sare itace ya sake tofowa ita ce abin ɗauka, kuma bishiyar turare da aka dasa a filayen kuza tun zamanin Turawa tana yin haka a gabanmu. A ba Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos kuɗi ta gwada itatuwan da suka san farinmu, a kuma dubi yadda za a yi makamashi da ƙaiƙayin shinkafa da kachallar da ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗejiya da Nguru, kafin a kashe ko sisi wajen shigo da reshen wilo.