Masu surutu a wurin kiɗan jaz

Abin da ke ƙona min rai a wurin kiɗan jaz shi ne masu surutu. Mai jita ya rage sauti, yana ƙago kari nan take, wanda gobe ko shi kansa ba zai maimaita daidai ba, sai wani daga baya ya ɓarke da hira, waya a kunne. Haba! Jitar jaz ba ta ihu. Marigayi Wes Montgomery ma, shahararren mai jitar jaz ɗan Amurka, da babban yatsa yake kaɗawa, shi ya sa sautinsa ke da taushi. Irin wannan kiɗan, tarin mutum ɗaya yana iya binne shi. Ga kuma masu dalle makaɗi da fitilar waya, wai bidiyo. Mai hira ya fita waje mana!