Fayil ɗin da ke jiran sa hannun oga

Da zarar an tayar da zancen jami'o'in gwamnati, kuɗi ake fara ambata, kuma da gaskiya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Sai dai akwai asarar da ba a taɓa yi wa yajin aiki ba, wato lokacin ɗalibi da ke salwanta tsakanin wannan ofis da wancan.

Ƙanwata ta kammala karatu a wata jami'a, ta dawo Gombe ta yi zaman kusan shekara tana jiran sakamako. Malami ɗaya ne bai miƙa maki ba. Sashe ya jira shi, tsangaya ta jira sashe, majalisar malamai kuwa ba ta zama sai ranarta ta zo. Tana ji tana gani ƙawayenta suka tafi bautar ƙasa. Da na bi sawu, ban samu wanda ya ce aikinsa ne ba, sai "oga ya yi tafiya, ka dawo jibi".

Mai shago uku a babbar kasuwar Gombe ya san yaron da ke riƙe da kowanne, ya kuma san ranar lissafi. Ilimin gudanarwa daga nan ya faro: kowane aiki da mai shi, da wa'adinsa, da wanda zai duba. Na san za a ce jami'a ba kanti ba ce. Haka ne, ba a yi wa bincike gaggawa. Amma haɗa maki da buga takardar shaida ai ba bincike ba ne.

A Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta amince da cire jami'o'i daga tsarin biyan albashi na IPPIS, bayan malamai sun shekara da shekaru suna cewa Abuja ba za ta iya riƙe komai da komai ita kaɗai ba. Wannan hujjar ta shafi cikin gida ma. Me ya sa gyaran famfon ɗakin kwanan ɗalibai zai jira biron shugaban jami'a, alhali ga shugaban sashen ayyuka?

Jami'ar Jihar Gombe tun 2004 take, ta Tarayya da ke Kashere tun 2011. Shekarunsu sun kai su zama na gaba wajen liƙa wa'adi a allon sanarwa: kwana nawa tsakanin jarrabawa da sakamako, da ofishin da ɗalibi zai nufa in ranar ta wuce.