Tsofaffin gine-ginen filin jirgi: a ba su aiki tun kafin katafila ta iso

A wajen Mando har yau za ka ji ana cewa "tsohon eyafot", amma tambayi yaran yanzu dalilin sunan, da yawa sai dai su tsaya kallonka. To nan ne filin jirgin Kaduna yake kafin a buɗe sabon can bayan gari a 1982, yanzu wurin yana hannun sojojin sama. A nan kamfanin Dornier ya haɗa ɗan ƙaramin jirgin koyon tuƙi da ake kira Air Beetle. Eh, a Kaduna aka haɗa jirgin sama, kuma mutum nawa ne suka san haka?

Harkar jirgi a ƙasar nan daga Arewa ta faro. A 1925 jiragen sojan Ingila suka sauka Kano, filin jirgin Kano ya fara aiki a 1936 kuma shi ne mafi tsufa a Najeriya, ga kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964. Duk wuraren nan akwai tsofaffin rumfunan ajiye jirgi da hasumiya da ɗakunan jira da ya kamata a ce suna cikin rajistar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kamar yadda gadar Lugard ta Gamji take.

Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muke kashe gini a garin nan, don ba a rana ɗaya ake yi ba. Da farko a kulle ƙofa, sai kwano ya fara yoyo ba mai gyarawa, damina biyu uku silin ya zubo, masu jari-bola su kwashe waya da tagogi, ciyawa ta rufe wurin, daga nan sai a fito a ce ai ya zama maɓoyar ɓata-gari dole a rushe, kuma a lokacin ba ka da bakin musu saboda gaskiya ne ya zama ɗin. Durbar Hotel da aka gina don bikin al'adu na FESTAC na 1977 haka ya yi ta zama kango har aka baje shi a 2020.

Wani zai ce mutane na fama da kuɗin shinkafa, ga matsalar tsaro, kai kana zancen tsohon gini. Na yarda, kuma ban ce a ɗebi biliyoyi a zuba ba, ban kuma ce a buɗe barikin soja kowa ya shiga ba. Amma fa gyaran rufi da fenti duk shekara bai kai kuɗin sabon gini ba, kuma ginin da ake aiki a ciki ba ya mutuwa. A Amurka tashar kamfanin jiragen TWA ta filin jirgin JFK da ke New York an rufe ta a 2001, ba su rushe ba, a 2019 ta dawo otal ana cin kuɗi da ita. Filin jirgin Tempelhof na Jamus ya daina karɓar jirage a 2008, yanzu wurin shaƙatawa ne.

Mu ko otal ba ma buƙata. Rumfa ɗaya da ke kusa da titi a yi mata ƙofa daban, a ajiye Air Beetle guda, a tara hotunan alhazan farko da suka tafi ta jirgi da kayan Nigeria Airways da ta durƙushe a 2003, ɗaliban AFIT, wato kwalejin fasaha ta sojojin sama, su riƙa yi wa 'yan makaranta bayani, a karɓi ɗan kuɗin shiga a riƙa gyara da shi. Amma kafin duk wannan, hukumar kula da filayen jirgi ta FAAN da sojojin sama da hukumar gidajen tarihi su zauna su ƙirga gine-ginen da suka haura shekara hamsin a Kaduna da Zariya da Kano, a rubuta su a doka, yadda ba wanda zai kai musu katafila sai an sanar da jama'a an ji ta bakinsu.