Hoton da aka samu da yaudara

Wanda ya ɗora hoton wani tsuntsu da ya ɗauka a tsaunukan Shere, kusa da Jos, ya ci gaba da karɓar jinjina, amma mu da muke wurin ranar Asabar mun ga yadda aka same shi, kuma ba zan yi shiru ba. Mutum ya hau dutse da kyamarar da kuɗinta ya kai na mota, ya kasa zaman minti 30, sai ya zaro waya ya haɗa da lasifika, ya riƙa kunna kukan tsuntsu har sai da halittar Allah ta fito a firgice tana neman abokin gaba da babu shi. Madalla da wannan gwaninta.

Ƙarshen damina ne, lokacin da tsuntsaye da yawa suke kan sheƙa. Namijin da ya ji kukan wani namiji a yankinsa zai bar neman abinci, ya bar gadin sheƙa, ya ƙarar da ƙarfinsa yana zagaye daga wannan dutse zuwa wancan. Kai ka samu hotonka ka sauka, shi kuwa ka bar shi da fargaba. Wannan yaudara ce, ko da hoton ya yi kyau kamar me.

Kuma ba kowane tsuntsu aka yi wa haka ba. Ɗan ƙaramin nan ne mai jan baya da ke zama tsakanin duwatsun Filato, wanda sai a 1998 masana suka tabbatar cewa jinsi ne na daban, suka sa masa suna Lagonosticta sanguinodorsalis. Masu bincike a cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum, kusa da Jos, sun shafe shekaru suna bin sa da haƙuri, su fita tun asuba cikin sanyi da hazo. Abin mamaki ma, akwai wani tsuntsu a wurin, Vidua maryae, wanda macensa ke saka ƙwai a sheƙar mai jan bayan, namijinsa kuma yana kwaikwayon kukansa. Wato dama yana da mai kwaikwayonsa ɗaya da yake fama da shi, sai ga na biyu ya zo da batir.

An ce mini a ƙasashen Turai ma ana yin haka. A yi ta yi, yaudara ce a can, yaudara ce a nan. An ce sau ɗaya ba ya cutarwa, alhali kowane mai kyamara da ya hau dutsen yana ganin nasa ne sau ɗayan.

Ni kam na fi son hoto mara kyau na tsuntsun da bai san ina wurin ba. Irin wannan ne kawai nake iya kallo ba tare da na ji kunya ba.